Kwamfutar da Baba Ya Bari a Buɗe

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baba, mahaifin maigidana, ya riga mu tafiya. Na zauna rubuta wannan ne saboda jikokinsa ƙanana, kada su tashi abin da suka sani game da shi bai wuce hoton wani tsoho mai tabarau a bangon falo ba.

Ranar da aka kai shi, layinmu na Sharada bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin kwalbati. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa, waɗanda suka yi aiki tare da shi kafin a rufe ta, sun zo da sandunansu suna ta lissafa wa ya rage a cikinsu. Wani ya taho kai tsaye daga majemar Challawa da warin fata a jikinsa, yana ta ba mutane haƙuri. A cikin gida wata mata daga Ɗorayi ta yi wa Inna, matar Baba, gaisuwa, sai bakinta ya suɓuce ta ce, "Yanzu wa zai duba min rediyona?" Ta rufe baki da mayafi don kunya. Inna ta ce, "Ƙyale bakinki, 'yar nan. Ni ma tun ɗazu abin da nake tambaya ke nan, nawa ya fi naki tsufa."

Bayan an dawo daga maƙabarta liman ya yi sanarwa cewa duk mai kaya a shagon marigayi ya zo ya karɓa, kada a bar shi da amanar mutane. Aka yi ta zuwa. Mai dutsen guga ya ɗauki nasa, mai waya ya ɗauki tasa, har wani ya zo da baro ya tafi da talabijin. Kowa ya san kayansa. Abu ɗaya ne ya rage a kan tebur: wata ƙatuwar kwamfuta laftof, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, irin ta masu buga gem, wato wasan kwamfuta. An kwance mata ciki, bod ɗinta, faifan da kayan wutarta suke manne a jiki, yana gefe a kan wani tsumma, kuma rabinsa ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari.

Babu wanda ya ce tasa ce.

Aka tambayi maƙwabta, aka tambayi samarin layi. Samarin suka zo suka kewaye ta suna haɗiyar yawu, ɗaya ya ce ko a mafarki bai taɓa riƙe irinta ba. Liman ya sake sanarwa bayan sallar Juma'a. Shiru. Mu dai abin da muka sani shi ne, wata ranar Baba ya dawo da ita a cikin buhu, ɗaure a bayan mashin ɗinsa. Inna ta ce, "Ta wa ce?" Ya ce, "Ta mai ita." Haka yake, ba ya faɗin sunan mai kaya, ko da kuwa tocila ce.

Wannan abu ya tsaya wa Inna a rai fiye da yadda zan iya faɗa. Tana takaba, ba ta fita, sai ta zauna a bakin ƙofarta tana kallon wajen shagon. Ta ce da maigidana, "Ubanku bai taɓa kwana da allurar wani ba tare da ya san ranar mayarwa ba. Yanzu yana can kwance, kayan mutum yana nan. In aka tambaye shi fa, me zai ce?" Maigidana ya ce, "Inna, ai ba da gangan ya yi ba." Ta ce, "Na sani. Ku nemo min mai ita."

Wata safiya na iske ta ta sa an shigo mata da bod ɗin, ta jiƙa tsumma za ta goge farin nan, wai ko mai ita ya zo kada ya tarar da kayansa da datti. Na riƙe mata hannu, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, Baba ya ce kada a goge." Ta ce, "Don me?" Na ce ban sani ba. Kuma gaskiya ban sani ba.

Yadda aka yi na ji shi ne, shagon Baba a jikin zaure yake, tagarsa ta baya kuma tana kallon inda nake girki. Shi kuwa Baba ba ya aiki da baki rufe. Magana yake da kayan gyara kamar mutane. In aka kawo masa abu aka ce ya mutu, sai ya gyara tabarau ya ce, "To, bari mu ji ta bakinsa." Yana yi musu faɗa, yana lallashinsu, wani lokaci har ya ba su haƙuri in ya ƙona su da dalma. Farkon zuwana na ɗauka baƙo yake da shi, har na taɓa aika shayi kofi biyu. Ya shanye duka biyun, sai daga baya Inna ta gaya min tana dariya.

A masaƙa shi ne mai kula da wutar injuna. Da aka rufe, wasu suka koma gona, wasu suka kama acaɓa, shi ya kama rediyo. Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan waya, daga nan kwamfuta, duk da furfurarsa. Yakan ce wuta ɗaya ce, gidajenta ne suke ƙara ƙanƙancewa, shi kuma idonsa yana ƙara tsufa. Lokacin da na haifi ɗiyata ta fari, ana tsananin zafi, ga babu wuta, yarinya ta yi ta kuka duk ƙuraje sun feso mata. Baba yana jin kukan ta taga. Washegari sai ga shi ya aiko da wani katako da ya jera wa ƙananan fankokin matattun kwamfutoci, ya haɗa da batirin mashin. Iskar ba ta da yawa, amma ta ishi jaririya. Da na je godiya ya ce, "Ba ke na yi wa ba, amaryata na yi wa."

Faɗa kuwa, mutum ɗaya na san yana yi da shi, amininsa da muke kira Baba na Bompai, don a can yake gyaran allunan injunan kamfani har yanzu. Tare suka yi masaƙa. Abin da ya haɗa su faɗa shi ne gasa kwamfuta. Wai in irin waɗannan kwamfutocin suka daina nuna hoto, wasu masu gyara sukan hura wa abin da ke ciki iska mai zafi da bulowa, sai ya farfaɗo. Baba na Bompai ya ce wannan dabara ce, mutum ya samu ya yi aikinsa. Baba ya ce yaudara ce, bayan 'yan makonni za ta sake mutuwa a hannun mai ita, kuma mutuwar da ba ta tashi. Na ji su ta taga ran nan, har Baba yana cewa, "Kai mai tsire ne, ba mai gyara ba." Shi kuma ya ce, "Kai kuma likitan da zai yi ta aune-aune har mara lafiya ya gaji ya mutu." Azumin shekarar gaba ɗaya ba su yi wa juna magana ba, amma kullum sai an kai kunu Bompai, kullum sai ƙosai ya zo daga can.

Baba na Bompai ɗin nan maigidana ya kira, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Shawarar da aka yanke ita ce, tunda mai kwamfutar bai zo ba, sai a tashe ta, wataƙila in ta kunna a ga suna ko hoto. Maigidana ya so a cire ma'ajiyarta a kai kasuwa a buɗe a duba abin da ke ciki. Inna ta ce sam. Baba bai taɓa leƙa cikin kayan mutum ba, ba za a fara a bayansa ba. Abin da ta nuna da kanta a fuskarta, shi kaɗai za a kalla.

Baba na Bompai ya zo da hantsi, ya tsaya a ƙofar shagon ya daɗe bai shiga ba. Da ya zauna, bai zauna a kujerar Baba ba, benci ya jawo. Ina daga taga ina tsince shinkafa. Ya ɗauki mitar auna wuta ya dangwala nan, ya dangwala can, sai mitar ta yi ƙara.

"Ka ji ko?" ya ce da maigidana. "Girafik ya tafi."

"Mene ne girafik, Baba?"

"Kai ɗan mai gyara ne kuwa? Manya biyu ne a cikin nan. Wannan mai lissafi, wannan mai zane. Duk abin da idonka ya gani a allo, mai zanen ne ya zana shi. Shi ne ya mutu. Miƙo min bulowa in gasa shi, ko na rabin yini ya tashi mu ga mai ita."

Inna tana jin su daga tsakar gida. Ta ce, "Malam, in ya tashi na rabin yini, sai mu mayar wa mutum da kayansa da ciwo a ɓoye?"

"Hajiya, to ya za a yi? Wanda ya san inda ya tsaya ba ya nan."

Ni dai ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ku gafarce ni, na ji abin da marigayi ya ce da ita."

Ya ɗago ya kalli tagar. "Da wa?"

"Da kwamfutar."

Sai na faɗa masa tun daga farko, yadda ya shiga kunnena. Ranar da Baba ya kawo ta ya ce, "An ce da fari layi-layi kike yi, kore da ja, in aiki ya yi nauyi ki ɗauke. Yanzu kuma fanka na juyawa, madannai na walƙiya, fuska baƙi ƙirin." Ya ari talabijin ɗin Inna ya haɗa da waya, nan ma baƙi, ya ce, "To, allo, ba ruwanka, tafi abinka." Ya kwance fankokin ya ciro datti curi guda kamar audugar katifa, ya yi ta faɗa wai an toshe mata hanci an ce ta yi gudu. Ya goge wani busasshen abu a kan manyan nan biyu ya shafa sabo. Duk da haka ba ta tashi ba. Sai ya koma mita, kwana da kwanaki.

"Ranar ƙarshe fa?" in ji Baba na Bompai.

Na ce, ranar da safe na ji ya ce, "Babba, na wanke ka. Kai dama haka mita take kuka a kanka ko kana lafiya, kada ta ruɗi mutum. Laifin yana layin ƙananan nan da suka kewaye ka. Wani ne a hanyar yake shanye wutar kafin ta iso. Bari in yi muku hayaƙi, in ba ku wuta kaɗan, kaɗan fa, mai laifi zai yi gumi." Sai na ji ƙamshin ƙaron nan da yake narkarwa in zai yi dalma. Yana gamawa aka ɗauke wuta. Ya leƙo ta taga ya ce, "'Yar nan, ko wa ya shigo, kada a goge min farin nan." Ya tafi sallar azahar, ya dawo ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Ba a kai asibiti da shi ba.

Sai Baba na Bompai ya ce, "Maimaita min daga wajen mita." Na maimaita.

"Kin san abin da kika faɗa?"

"A'a, Baba."

"Ni na sani." Ya cire hula ya share fuska da ita. "Mutumin nan, yana kabari ma sai ya yi min gardama."

Ya ture bulowar gefe. Ya jawo wani akwatin Baba mai ba da wuta, ya murɗa shi ƙasa sosai, ya manna siririyar waya a jikin bod ɗin. Aka zuba ido. Inna ma ta taso ta tsaya a bayana. Ni ban san me ake jira ba, na dai ga manya suna kallon farin gari kamar masu duban wata. Babu abin da ya faru. Ya yi tsaki, ya ce ba nan ba ne, ya cire wayar ya ɗauki gilashin ƙara girma ya bi layin da ido, yana gunaguni yana cewa da marigayi, "Da ka yi alama ai da ka huta da ni." Ya sake mannawa a wani wurin.

Sai wani ɗigo ya yi duhu a cikin farin. Ashe farin nan hayaƙin ƙaro ne ya daskare, ga shi ya narke a kan wani ɗan abu da bai kai ƙwayar riɗi ba.

"Ga ɓarawon," in ji shi.

Maigidana ya ce, "Wannan ɗan mitsitsin?"

"Shi. Ya ƙone ya zama hanya, wuta tana bi ta cikinsa tana zubewa. Shi ya sa ya fi kowa zafi."

Ya ɗauke shi da hantsaki, ya zazzage gwangwanin madarar da Baba yake tara matattun bod, ya yi ta tono har ya sami irinsa, ya auna, ya ɗora. Sai da ya yi sau biyu kafin ya zauna. Sannan ya wanke farin da kansa.

Mayar da ita kuma ya zama wani aikin. Baba a kiret ɗin ƙwai yake jera notina, kowane rami da wurinsa. Ranar rasuwa wata goggon maigidana, garin gyara wuri, ta juye su duka a kofi ɗaya don ta sami abin zuba dabino. Har la'asar Baba na Bompai yana gwada wannan yana cire wancan. Da ya gama, biyu suka rage a kofin. Ya ce, "Ubanka ma yakan rage." Maigidana ya ce, "Bai taɓa ba." Baba na Bompai ya harare shi, ya sake kwance ta.

Da ya danna makunni, madannan suka kama launi-launi, fanka ta yi huci, fuskar ta daɗe baƙa har na fara salati a zuci. Sai ga haske. Wani suna ya fito da rubutun boko, laƙabi ne irin na samari, babu wanda ya san shi. Amma a bayansa akwai tsohon hoto, wata doguwar mota a ƙofar masaƙa, da wani siririn mutum ya jingina da ita ya karkace hula. Baba na Bompai ya ce fuskar ba baƙuwa ba ce, amma direbobin masaƙa suna da yawa. Aka kawo wa Inna. Ta matso da ita dab da idonta.

"Ai wannan shi ya ɗauko min kayan ɗaki daga ƙauyenmu," ta ce. "A wannan motar. Ya fasa min tukunya a hanya, ya yi ta rantsuwa rami ne. Yana Zawaciki. An ce ɓarin jikinsa ya shanye."

Tunda ba ta fita, ni ta aika a madadinta, tare da maigidana da Baba na Bompai. Ta ce in buɗe ido in buɗe kunne, in dawo mata da komai.

Mun same shi a kujera a ɗakinsa, hannun hagu a kwance a cinya. Da ya ga abin da maigidana ya fito da shi daga buhu, sai ya juya fuska bango. Matarsa ta ce ai ta zo mana gaisuwa, ta zauna kusa da Inna, ta ga shagon a buɗe, amma mijin ya hana ta cewa komai.

"In aika gidan makoki a tambayo min abin wasa?" ya ce. "Da furfurata? Mutum ya rasu, ni ina cigiyar gem?"

Ɗansa ne da ke aiki a Kudu ya aiko masa da ita, da wani sitiyari da ake ɗaurawa a tebur, don ya ga zama yana neman kashe shi. Wasan tuƙin manyan motoci ne. In baƙi suka zo, matar takan rufe sitiyarin da zane. Baba kaɗai ya sani.

Maigidana ya ce, "Baba, Inna ce ta ce a kawo muku amanarku, ku duba ku gani."

"Shi ya gama ta?"

"Shi ya gano," in ji Baba na Bompai. "Ni na ɗora. Amma ban yarda da ita ba tukuna. Ciwon sai aiki ya yi nauyi yake tashi. Kunna motar taka mu gani."

Tsohon ya yi ta noƙewa, sai da matarsa ta yaye zanen da kanta. Aka haɗa wayoyi. Sai ga titi a fuskar kwamfutar, da bishiyoyi, da ruwan sama yana sauka a gilashi, har abin share ruwa yana kaiwa da komowa. Ni dai na rasa gane yadda aka yi duk wannan ya fito daga wurin ƙwayar riɗin nan. Ya kama sitiyarin da hannu ɗaya, bayansa ya miƙe. Baba na Bompai ya sa tafin hannu a inda iska ke fita, yana kallon ko layi zai fito.

"Zauna mana, kana tare min madubi," in ji direban. Ya nuna wata kujerar roba a gefensa. "Nan marigayi yake zama. Shi ne yaron motata. Duk ranar da ya ce muku ya tafi sayen kayan gyara, rabin yinin a nan yake yi."

Baba na Bompai ya kalli kujerar, ya kalli ƙofa, ya zauna a hankali. Suka yi tafiya mai nisa, fankar tana huci, hoton bai ko girgiza ba. Da muka tashi tafiya direban ya ce da ni, "Ki gaya wa Hajiya na karɓa da hannuna. Babu komai nawa a wuyansa. Ni ne ma nake da nasa a wuyana."

Na dawo na zayyana wa Inna komai, har da zanen da ake rufe sitiyari. Ta sa na maimaita maganar wuyan nan sau biyu. Ta ja carbi, sannan ta ce, "Ashe yawo suke tafiya ba ni. Wane gari suka kai?"

Na ce ai na tambaya. Direban ya ce ba su taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Da an kira sallah, shi yakan so ya danna abin tsayar da wasan kawai, amma Baba ba ya yarda. Sai ya sa shi ya nemi fili a gefen titi, ya ba da sigina, ya faka sosai, ya kashe inji, wai ba a barin mota a tsakiyar hanya a cuci na baya.

Inna ta yi dariya har ta sa gefen mayafi a ido. "Shi ne," ta ce. "Wannan shi ne. Allah Ya sa ya sauka lafiya inda ya nufa."

Muka ce amin. Wanda ya karanta, don Allah ya ce amin shi ma.